Ɗana, Kada Tsummanka Ya Cinye Motarka

Ɗana, an ce mini ka yi mota, kuma fara ka zaɓa. Allah ya sanya alheri, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, ya sa ka ci halaliyarka da ita. Zauna in gaya maka abin da dillalin da ya miƙa maka makulli bai gaya maka ba. Ba na zarginsa da mugunta. Shi dai aikinsa ya ƙare ranar da kuɗi suka shiga hannunsa, naka kuwa ranar ya fara.

Ban ga laifin zaɓinka ba. Duk wanda ya taɓa barin mota a bakin tashar Ƙonni da azahar a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san fari rahama ne. A shekarar 2011 masana a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka sun ajiye motoci biyu iri ɗaya a rana, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan azurfa, suka auna. Iskar cikin mai hasken launin ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6, a rufi kuwa bambancin ya kai digiri 25. Dalili shi ne fari da ruwan azurfa suna mayar da kusan kashi 60 cikin ɗari na hasken rana, baƙi kuwa bai mayar da abin da ya wuce kashi 5. A duniya ma kusan ɗaya cikin kowace sabuwar mota uku fara ce. Ka tsaya a mararrabar Tsarnawa ka ƙirga Hiace da Hilux da Land Cruiser masu hawa Tawa da masu wucewa Maradi, za ka ga ba kai kaɗai ka yi wannan lissafin ba.

Amma fari yana da hali guda da nake so ka riƙe tun yau: ba ya kai ƙara. Baƙar mota in ka zalunce ta da safe, kafin la'asar ta tona maka asiri, domin da ka tsaya gefenta a rana za ka ga siraran zane-zane sun kewaye hasken. Farar mota ana yi mata irin wannan rauni ta haɗiye, ido bai gani ba. Mai ita yana ta murna wai motarsa ba ta nuna datti, ba ta nuna karce, har ranar da zai shafa tafin hannunsa a murfin inji ya ga farin gari ya biyo shi. Ciwon ya daɗe yana ci, ranar ce dai ya bayyana. Abin da ya fi ba ni tausayi kuwa, mafi yawan wannan ɓarna ƙwazo ne ke kawo ta. Masu son motarsu ne ke kashe mata fenti da hannunsu kowace safiya, suna ganin gata suke yi mata.

Ka fara sanin abin da kake gogewa. Fentin da kamfani ke yi wa mota hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa da ke manne da ƙarfe yana hana tsatsa, akwai na biyu da ke daidaita wuri, sai launin kansa, sannan a yawancin motocin zamani akwai hawan sama marar launi, garai-garai, wanda shi ke ba da sheƙi kuma shi ke tare cutarwar rana. In ka haɗa su gaba ɗaya kaurinsu kusan kashi ɗaya cikin goma ne na milimita, ko sama da haka kaɗan, wato kwatankwacin takarda guda. Hawan saman shi kaɗai bai kai kaurin silin gashin kanka ba. Wannan ɗan abin shi ne tsakanin ƙarfen motarka da ranar ƙasar Adar. Rumbu ne da aka cika sau ɗaya a masana'anta aka rufe: kowace guga ɗiba ce, kuma babu kakar da za ta zo a ƙara.

Wasu fararen motocin, musamman na aiki irin tsofaffin Hiace da Hilux, ba su da wannan hawan saman dabam. Launi da sheƙi a haɗe aka fesa su. Kana iya ganewa da kanka. Ka ɗiga ɗan folish a baƙin ƙyalle mai laushi, ka murza a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In ƙyallen ya yi fari, motarka irin wannan ce. Irinta ce ke saurin yin gari, domin rana tana cinye ƙaron da ke riƙe da farin sinadarin titaniyam, sai sinadarin ya saki ya zauna a sama. Ita ce kuma ta fi shan jar ƙasa.

Yanzu zo mu je ga tsumma. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura tun daga Sahara, mafi yawa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta haɗa da tamu ta gida, ta shimfiɗa a kan komai. Gari ya waye, mota ta yi furu-furu. Yaron mota, ɗan albarka, tun bayan sallar asuba ya ɗauko tsummansa, tsohuwar riga ce ko tawul ɗin da ya kwana ƙarƙashin kujera, ya kakkaɓe, ya bi jikin mota yana murzawa a bushe, maigida ya fito ya yaba masa. Ɗana, cikin ƙurar nan akwai ƙananan ƙwayoyin yashi, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, balle fenti. In kana son shaida, dubi gilashin gaban tsohuwar mota inda abin share ruwa ya saba wucewa a bushe, za ka ga sawunsa ya zauna daram. Abin da ya iya zane gilashi, me kake tsammani zai yi wa abin da bai kai gashi kauri ba? Ƙurar da ke kwance a jikin mota ba ta cutar da ita sosai. Ranar da hannu ya danne ta ya ja, ranar ta zama wuƙa dubu.

Saboda haka in babu ruwa, a bar ta da ƙurarta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka wanke gilasai da fitilu da lamba da ruwan buta ɗaya don tsaron rai da bin doka, sauran jikin ya jira ranar wanki. Na san zuciya ba ta so, na san abokai a majalisa za su ce wane ya yi mota ya kasa kula da ita. Ka bar su. Bayan shekara uku a jera motocin a rana a duba. Haka nan ka hana yara rubutu da yatsa a kan ƙurar, ka hana su cikin lallami, domin ba su san zane suke yi na dindindin ba. Masu jingina ana hira, da mai ɗora tire ko jaka a murfin inji ya ja, duk ɗiba suke yi daga wurin da ba a ƙarawa.

In harkarka tana kai ka Malbaza, ka ƙara buɗe kunne. Gari ne na siminti tun shekarun 1960, albarkacin dutsen farar ƙasa da Allah ya shimfiɗa a yankin, kuma arzikin ƙasa ne da muke alfahari da shi. Manyan motoci na ɗauke da simintin dare da rana a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Galmi ta nufi Madawa. Amma garin siminti dabam yake da ƙurar hunturu. Ita ƙura ruwa ke tafiya da ita, shi kuwa ɗan ruwa kaɗan ke tayar da shi. In ya sauka a rufin mota da yamma, raɓa ta same shi da dare, kafin hantsi ya kama, ya zama ƙananan ƙuraje masu kaushi, ga shi da kaifi irin na toka mai cin fenti. A farar mota ba za ka gan shi ba, sai dai tafin hannunka ya ji. Wannan bai tsaya ga Malbaza kaɗai ba. Duk inda ake buga bulo ko ake kwaɓa siminti, a Illela ne ko a sabbin unguwannin Ƙonni, kada ka kwantar da mota ta inda iska ke kaɗo garin. In ya sauka, ka kwarara mata ruwa mai yawa a ranar, kafin dare. In kuwa ya riga ya kama, kada reza ko farce ko soson ƙarfe su kusance shi. Ka gauraya ruwan khal da ruwa daidai wa daida, ka jiƙa ƙyalle, ka shimfiɗa a wurin a inuwa na 'yan mintoci, ka ɗaga ka ɗauraye. In bai saki ba ka sake, ka kuma sakewa. Tsami ne ke narka shi, haƙuri ne ke kai ka. Bayan ya fita sai ka wanke wurin da sabulu ka mayar masa da kakin da ke kare fenti, domin tsamin ya tafi da wanda ke wurin.

Jar ƙasa kuma ita ce abokiyar tafiyarka duk ranar da ka sauka daga kwalta, ko za ka lambunan albasa na Galmi da Dogarawa, ko ƙauyukan Bazaga da Allela da Tajaye. Janta daga sinadarin ƙarfe yake, irin wanda ke cikin tsatsa. In taɓonta ya fantsama a ƙasan ƙofofi da damina, rana ta gasa shi kwana biyu ko uku, yana shiga cikin ƙananan kafofin fentin da ya riga ya gaji, ya bar rawaya-rawayan da wanki ba ya fitarwa. A nan ne mutane ke rasa haƙuri su nufi kanti.

Su sayo Omo, wani ma ya ƙara da ruwan jabel wai don fari ya fito. Ɗana, garin sabulun wanki an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma ya iya aikinsa. A jikin mota maiƙon farko da zai cire shi ne kakin da ke kare fenti. Yana busar da robobin gilashi da na ƙofa su tsattsage, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma su shiga soso su yi aikin yashi. Ranar farko motar za ta yi fes, shi ya sa ake yaudaruwa. Amma ta fita tsirara, jar ƙasar gobe za ta fi ta jiya kamawa, sai a ƙara Omo, sai fenti ya ƙara buɗewa. Haka ake yi har fari ya mutu ya koma launin toka marar haske. Sabulun mota na ruwa yana samuwa wurin masu kayan mota, a Ƙonni ko a Sakkwato, murfi ɗaya ko biyu ke isar bokiti, kwalba ɗaya ta yi maka watanni. Araha ba ta ado.

Ga yadda ake wankin. Ka zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwa, ka taɓa jikin motar da bayan hannunka. In da zafi ka jira. Kafin komai ya taɓa ta, ka kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa, ruwa zalla, har ƙurar ta gangara da kanta. Wannan kwararar farko ita ce rabin aikin, kuma ita ce wadda mai gaggawa ke tsallakewa. Sannan ka ajiye bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwan ɗauraya. Ka tsoma soson a kumfa, ka wanke yanki guda, ka kai shi bokitin ɗauraya ka girgije yashin da ya kwaso, sannan ya koma kumfa. In ka gama ka leƙa ƙasan bokiti na biyu. Abin da ka gani kwance a wurin da a jikin motarka zai yi yawo. Ka fara da rufi, ka sauko gilasai, murfin inji, saman ƙofofi, ƙasansu ya zama na ƙarshe tunda can datti ya fi yawa. Hannu ya tafi a miƙe, ba dannawa, ba murzawa zagaye-zagaye. Soson taya dabam, na jiki dabam, kada su taɓa haɗuwa ko a wurin ajiya. Tawul mai laushin nan da ake kira maikirofaiba ya fi kowane tsumma, domin yana ɗauke yashi ya shige cikin gashinsa. Duk abin da ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aikin ranar sai an wanke shi.

Kada ka ce wannan aikin masu famfo ne. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa ma zai iya: buta tana kwarara ruwa a hankali inda ake so, ta fi watsa bokiti tattali nesa ba kusa ba. Addininmu bai yarda da almubazzaranci da ruwa ba, kuma a garin da mata ke layi a bakin rijiya bai dace a ga kwata tana gudu daga ƙofar gidanka saboda mota ba. Wanki ɗaya mai kyau a mako ya fi guga bakwai.

Ruwan ma ka san irinsa. Ƙasarmu ƙasar farar ƙasa ce, ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirinta. In ka bar shi ya bushe da kansa a jikin mota, ruwan ya tashi, gishirin ya zauna ɗigo-ɗigo, rana ta gasa shi ya ci wurin zama. A gilashi za ka gan shi, a farin fenti ba za ka gani ba, amma yana nan. Don haka da ka ɗauraye ka tsane ta nan take da tawul mai tsabta, kana ɗorawa kana ja a hankali. Ruwan tafki ko na magudanar fadamar Ƙonni, wanda ke zuwa daga madatsun Mozage da Zango, in shi ka samu, ka bar shi ya kwanta a bokiti ka tsiyaye na sama. Ruwan sama da aka tara bayan kwano ya wanku shi ne mafi laushi duka.

In kuma wurin masu wanki kake kai ta, ka ji tsoron Allah a kan yaran nan. Neman halal suke yi, da soso ɗaya da bokiti ɗaya suke wanke mota goma da babur ashirin, domin abin da suke da shi ke nan. Tsawa ba ta gyara komai. Ka tafi da sabulunka da tawul ɗinka da bokitinka na biyu, ka tsaya ka nuna wa yaro sau ɗaya cikin mutunci, ka ƙara masa wani abu a kan kuɗin da aka saba, tunda aikin da ka sa shi ya fi ɗaukar lokaci. Ka riƙe mutum ɗaya, ya san motarka, ka san sunansa. Kai kuma in direba ne kai, motar ta wani ce, to amana ce a hannunka, kuma mai ita ba zai ga abin da ya ragu a fentinta ba sai ranar sayarwa. Abin da ido bai gani ba ma ana tambaya a kansa.

Akwai abubuwan da ba sa jiran ranar wanki. Kashin tsuntsu na gaba. Inuwar dogon yaro daɗi gare ta, amma balbela da jemage ma sun san da haka, ga 'ya'yan itacen da ƙaronsa. Kashin tsuntsu yana da tsami, in rana ta dafa shi a kan fenti yini guda yana iya barin tabon da sai an ci fentin kafin ya fita. Ka riƙa ajiye gorar ruwa da ƙyalle mai laushi a mota. Ka jiƙa, ka ɗora a kai ya yi laushi, ka ɗauke shi sama. Kada ka goga, akwai tsakuwa a cikinsa. Ƙwarin da ke fashewa a gaban mota in ka yi tafiyar dare da damina, su ma haka, da safe a jiƙa a cire. In 'yan ruwa-ruwa suka zuba maka mai da kwalba ko jarka ya ɗiga a bakin tanki, ka ɗauraye nan take, domin shi ke barin rawayan layin nan da kake gani ya gangaro a gefen fararen motoci. Man birki kuwa ya fi su duka haɗari, yana tayar da fenti cikin ɗan lokaci. In makaniki zai ƙara maka, ka tsaya kusa da ruwa a hannu. Kwaltar da ke fantsama in hanya ta yi laushi da zafi ko ana gyaranta, ɗan kananzir a ƙyalle yana narka ta, sai a wanke wurin da sabulu a sa kaki. Kada ka yarda kowa ya shafa wa jikin motarka gazuwal ko baƙin mai wai don ta yi sheƙi; sheƙin awa ɗaya ne, bayansa ƙura ta samu wurin kamawa.

Wata rana za ka ga ƙananan ɗige-ɗige ja kamar tsatsa a bayan motar da gefen ƙofofi, ka tsorata. Yawanci ba ƙarfen motar ne ya ci ba. Ɓurɓushin ƙarfe ne daga birki, ko daga tartsatsin masu walda in ka ajiye ta kusa da su, ya maƙale a fenti ya yi tsatsa a wurin. Kowace mota na da su, fara ce ta fi nunawa. Akwai wani ɗan curi mai danƙo da ake sayarwa don wannan aiki, ana shafa shi a hankali a kan ruwan kumfa ya tsince su. In ba ka samu ba ka bar su zuwa lokacin folish. A gareji dai ka nisanta ta daga inda ake yanka ƙarfe.

To, ga inda aka fi asara. Gwangwanaye biyu ne a kanti, kamanninsu ɗaya, aikinsu kishiyar juna. Ɗaya yana da ɗan gari mai ci a cikinsa: yana kankare saman fentin da ya mutu don na ƙasa mai rai ya fito. Shi ne folish na gaskiya, akwai mai kaushi, akwai mai laushi. Ɗayan ba ya cin komai, shimfiɗa yake yi a sama ya tare rana da ruwa da datti. Shi ne kaki. Na farko magani ne, na biyu abinci. Wanda ke kai motarsa a sa mata inji duk sallah ko duk bikin aboki, don ta yi walƙiya, yana cinye shekarun motarsa ne a tsaye. Sau ɗaya a shekara ya isa, in ma akwai bukata, kuma da mafi laushin da zai yi aikin za a fara, a ɗan wuri kaɗan, a duba. In za a sa inji, ka nemi wanda hannunsa ya faɗa, ka kuma kula da gefuna da ƙusurwoyi, nan fenti ya fi siranta, nan inji ke ƙone shi cikin ƙiftawar ido. Karcen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce folish. Kada a ci fentin kewaye don a kai ga zurfinsa.

Kaki kuwa kada ka yi masa rowa. Mafi shahara ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin dabino a ƙasar Barazil, sunanta karnauba. A ƙasashen sanyi yana kai wata biyu ko uku, a ranarmu ba ya kaiwa haka. Akwai na haɗin masana'anta da ya fi shi jure zafi, yana iya kai wata huɗu zuwa shida, shi na fi so maka. Mota wankakkiya, busasshiya, a inuwa. Ka shafa siriri, yanki-yanki, ya yi hazo, ka goge da tawul mai tsabta. Yawansa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Ka kiyaye baƙaƙen robobi, yana bar musu farin tabo. Ka ɗaure shi da lokutan da ba za ka manta ba: ƙarshen damina kafin hunturu ya shigo, farkon bazara, da kuma gab da saukar ruwan farko, wanda ka san da guguwar ƙura yake zuwa ya yi wa mota wankan taɓo. Tsakanin haka ka gwada da ruwa: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangara, kaki na nan, in ya baje ya kwanta, ya ƙare. Rufi da murfin inji su ke fara cinyewa, tunda su ke kallon sama. Za ka ji labarin shafin siramik da ake yi a manyan birane, mai shekara biyu ko fiye. Yana da kyau in ƙwararre ya yi shi a ɗaki marar ƙura, amma ko shi ba ya hana yashi zane, tsumma busasshe zai ci shi kamar kowa.

Duk da haka babu kakin da ya kai rumfa. Ko ta zana ce, ko ta kwano, ka kafa mata a gida, ka lura da inda inuwa ke komawa da azahar. Tampol kuwa ka yi hattara da shi. In ka lulluɓe mota mai ƙura, iskar dare ta yi ta kaɗa shi, ka kwana kana goge ta a bushe ba ka sani ba. Da safe ka dubi ƙusurwoyin rufi za ka gani. Sai wankakkiyar mota ake rufewa, da murfi mai laushin ciki, a ɗaure shi tamau.

Na san motarka ba ta ado ba ce kawai, da ita za ka nemi abinci. Ranar kasuwar Badagishiri za a ɗora buhu, a ɗaure rago, a ja igiya ta kan rufi. Ba na hana ka. Amma inda igiya za ta taɓa fenti ka sa tsohon bargo ko guntun roba, domin igiya mai ƙura tana cin fenti har ƙarfe a tafiya ɗaya. Ruwan albasa da fitsarin dabba a wanke su a ranar. A kan hanya ka ba babbar mota tazara, tsakuwar da tayarta ke harbowa ita ke fasa gaban motarka. Kowane ɗan ɓantare da ƙarfe ya leƙo, ka ɗiga masa fenti da tsinke kafin damina. Ka riƙa sa a wanke ƙarƙashin mota da cikin mazaunin tayoyi bayan ka ratsa korama, saboda taɓon da ya maƙale a can yana riƙe laima. Yawancin motocinmu na hannu ne, ta Kwatano ko Lome suka shigo, wasunsu sun yi shekaru suna bin hanyoyin Turai da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara, tsatsarsu a ɓoye suka zo da ita, laima kawai take jira.

In ka ga fenti yana ɓarewa falle-falle a rufi ko gefen gilashi, toka-tokan ƙasa ya bayyana, ba lallai laifin wankinka ba ne. Kamfanin Toyota da kansa ya amince a Amurka cewa wasu motocinsa masu farin fenti lamba 040 da 070 suna yin haka, saboda rana na raunana kamun da ke tsakanin hawan ƙasa, har ya ɗauki nauyin sake wa masu su fenti a can. Irin waɗannan motocin sun iso mana. Folish ba ya maganin wannan, kaki ma haka, tiyo mai ƙarfi kuwa ƙara ɗaye shi yake yi. Sai mai fenti.

In ta kai ga haka, ka duba lambar launin motarka, tana jikin 'yar takardar da ke manne a dokin ƙofar direba ko a ƙarfen da ke cikin ɗakin inji, ka ba shi. Fari iri-iri ne: akwai mai ja zuwa madara, akwai mai ja zuwa shuɗi, akwai mai ƙyalli wanda hawa uku ake fesa shi kuma ya fi kowanne wuyar daidaitawa. In aka haɗa da ido kawai, ƙofa ɗaya za ta fita dabam, ko daga nesa a gane. Ka je ka ga aikin da mutumin ya yi bara, kada ka tsaya ga wanda ya gama jiya. Kada a fesa maka a fili ranar da hazo ya sauko, ƙurar za ta kwanta cikin ɗanyen fenti ta zauna har abada. Ka sa ido kada a cika mastik inda ya kamata a buga ƙarfe ya miƙe, domin zafinmu yana tsaga shi. Yankin da ya lalace kawai za a taɓa. Fentin kamfani da ke da sauran rai ya fi sabon na gareji, kada ka bari a rufe shi don neman launi ya zo ɗaya. Bayan an gama kuma, sabon fenti yana bukatar wata ɗaya zuwa biyu yana fitar da sauran sinadarin da ke cikinsa kafin ya ƙeƙashe. A wannan tsakanin ba kaki, ba folish, ba tampol, ruwa da tawul mai laushi kawai, a inuwa.